Yadda ake yankar lasisin aure da neman takardar shaidarsa a kotun gunduma a Amurka

Na daɗe a Columbus, babban birnin jihar Ohio, kuma na sha raka ango da amarya kotu, wani lokaci a matsayin tafinta, wani lokaci a matsayin yayan da ya riga su zuwa ƙasar. Abin da na lura da shi shi ne mutanenmu ba sa wasa da waliyyi da shaidu da sadaki, amma da an zo maganar takardar hukuma sai ka ji an ce a bari sai an huce gajiyar biki. Daga nan sai wata ya zama shekara. Auren da aka ɗaura a masallaci ba tare da lasisi ba, hukuma ba ta da labarinsa, babu littafin da aka rubuta shi a ciki. Tun daga 10 ga Oktoba 1991 kuma Ohio ta daina ɗaukar daɗewar zama tare a matsayin aure, ko da an haifi 'ya'ya goma. Ranar da mijin ya kwanta asibiti, ko ya rasu, ko aka samu saɓani, matar ce ke tsayawa hannu babu komai. Dalilin wannan rubutu ke nan.

A Amurka dokar aure ta jiha ce, kuma kowace jiha da nata tsarin. Zan yi bayani a kan Ohio saboda ita na sani ciki da waje, ina kawo bambancin wasu jihohin a inda ya dace. Ohio tana da gundumomi 88, abin da suke kira kaunti, kuma kowace gunduma tana da kotun da ke kula da gado da wasiyya da riƙon marayu. A jikin ƙofarta za ka ga an rubuta Probate Court. Ita ce ke ba da lasisin aure, ita ce kuma ke ajiye bayanansa. A nan zan riƙa kiran ta kotun gado.

Abubuwan da za ku tanada

- Katin shaida na hukuma mai hoto, na kowannenku: lasisin tuƙi, ko katin shaida na jiha, ko fasfo. Fasfon Najeriya ko na Nijar ko na Gana yana yi, muddin wa'adinsa bai ƙare ba. Ba sai mutum ɗan ƙasa ne ba kafin ya yi aure a Amurka.
- Shaidar wurin zama, idan katin bai nuna adireshinku na yanzu ba: takardar kuɗin wuta ko na gas, ko yarjejeniyar hayar gida, ko takardar banki mai sunanka.
- Lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum don aiki da haraji. Wanda ba shi da ita ya kira kotun tun kafin ranar, ya ji abin da za su karɓa a madadinta. Kada ya ari ta wani, kada kuma ya ƙirƙira.
- Ga wanda ya taɓa aure: kwafin hukuncin rabuwa mai hatimin kotu, da sunan wanda aka rabu da shi, da sunayen 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba. Idan rasuwa ce ta raba, a riƙe takardar shaidar rasuwa.
- Cikakkun sunayen iyayenku huɗu, a rubuce a takarda.
- Sunan wanda zai ɗaura auren.
- Kuɗi. Kowace gunduma da nata farashin, amma a inda na sani bai kai dala 100 ba. Wasu kotunan tsabar kuɗi kawai suke karɓa, wasu suna karɓar kati su ɗora 'yar ƙaramar la'ada. Ku riƙe duka biyun.

1. Ku fara tabbatar da cewa dokar jihar ta yarda ku auri juna

Wannan mataki shi ne mafi nauyi a wajenmu, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Abubuwa uku ne.

Na farko shekaru. Dole kowa ya cika 18. Tun 2019, mai shekara 17 ba ya aure a Ohio sai da izinin kotun yara, kuma kada wanda zai aura ya girme shi da fiye da shekara 4. Ƙasa da 17 babu hanya ko kaɗan, amincewar iyaye ba ta buɗe wannan ƙofa.

Na biyu zumunci. Mu a gida auren ɗan wa da 'yar ƙani abin alfahari ne, tuwona maina. Dokar Ohio kuwa ba ta ba da lasisi ga 'yar baffa, ko 'yar kawu, ko 'yar goggo, ko 'yar inna. Mafi kusancin da ta yarda da shi shi ne jikokin wa da ƙani, wato waɗanda kakanninsu ne suke ciki ɗaya. Za a tambaye ku wannan kuna cikin rantsuwa, kuma ƙarya a wannan wuri laifi ne da doka ke hukuntawa, ban da abin da ke tsakaninku da Allah. Ba duk jihohi ne suka hana ba: New York da California sun yarda, Texas ta hana. A 1958 Kotun Ƙolin Ohio ta amince da irin wannan aure da aka ɗaura a jihar Massachusetts, inda yake halas a doka. Duk da haka, idan ku 'yan'uwa ne na kusa, musamman idan akwai maganar takardun zama, ku zauna da lauya kafin ku sayi tikitin zuwa wata jiha.

Na uku igiyar da ke kan mutum. Babu jihar Amurka da ke ba mai mata lasisin ƙara ta biyu, kuma yin hakan laifi ne. Inda 'yan'uwa ke ruɗuwa shi ne su ɗauka auren da aka ɗaura a Kano ko Maraɗi ba ya cikin lissafi, tunda ba a Amurka aka yi shi ba. Yana ciki. Ƙa'idarsu ita ce auren da ya inganta a ƙasar da aka ɗaura shi, aure ne a nan ma. Mai mata a gida, a idon dokar Amurka mai aure ne. Wanda ya yi saki a gida kuma yana buƙatar shaida a rubuce daga kotu, don takardar da miji ya rubuta da hannunsa ya ba matar da wuya a karɓe ta. Idan hukuncin da Hausa ko Larabci ko Faransanci aka rubuta shi, a kai wa mai fassara ya mayar da shi Turanci, ya sa hannu cewa ya fassara daidai, a haɗa da na asalin.

Wannan ƙa'ida tana da wata fuskar. Idan an riga an ɗaura muku aure a gida, ku biyun nan, to mai yiwuwa ba lasisi kuke buƙata ba, takardar shaidar wancan auren kuke buƙata. Idan kuma da wakili aka ɗaura alhali ango yana Amurka, hukumar shige da fice ba ta lissafa shi sai ma'auratan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Wadda ta shigo da bizar baiko, K-1, kwana 90 gare ta daga ranar shigowa ta yi aure, kuma bizar ta waɗanda ba a ɗaura wa aure ba ce. Iyaye su san da wannan kafin su tara jama'a a ƙofar gida su raba goro.

2. Ku gano kotun da ta dace

Idan ɗayanku mazaunin Ohio ne, kotun gadon gundumar da yake zaune za ku je, kuma lasisin yana aiki a ko'ina cikin jihar. Mazaunin Columbus yawanci gundumar Franklin ce tasa, kotunta tana lamba 373 a titin South High. Cleveland tana cikin Cuyahoga, Cincinnati tana cikin Hamilton. Amma a kula, birni ɗaya kan tsallaka zuwa gunduma ta biyu, kamar yadda wani gefen Columbus ya shiga gundumar Delaware. Ku duba adireshinku tukuna. Idan duk ku biyun daga wata jiha kuka zo, to a gundumar da za a ɗaura auren za ku yanka, kuma a cikinta dole a ɗaura shi.

Lasisin Ohio ba ya aiki a Kentucky ko Michigan, na can ma ba ya aiki a nan. A wasu jihohin ma ba kotu ce ke ba da shi ba. A birnin New York ofishin magatakardan birni ne, a Texas da Illinois magatakardan gunduma, a Georgia kuwa kotun gado ce kamar Ohio.

3. Ku tantance limamin kafin a sa rana

Ba kowane malami ne hukuma ta san da shi ba, komai iliminsa. A Ohio, limami ko fasto sai ya karɓi izini daga ofishin Sakataren Jiha kafin sa hannunsa ya zama abin dogaro. Ofishin yana da shafi a intanet da ake neman sunan mutum a ga ko yana cikin masu izini. Na san akwai nauyi ka tambayi malami irin wannan tambaya, amma ana iya yin ta cikin ladabi: "Allah gafarta Malam, kotu ta ce mu kawo sunan wanda zai sa hannu, shin da wane suna aka yi wa Malam rajista?" Duk limamin da ya saba zai gane, zai ma ji daɗi.

Idan malamin da kuke so ba shi da izini, akwai hanya biyu. Ko ya nema, kuɗin kaɗan ne, sai dai a ba shi lokaci. Ko kuma a raba aikin: shi ya ɗaura na addini, sannan ku je wajen alƙalin kotun birni ko magajin gari, su ma doka ta ba su ikon ɗaura aure, su yi na hukuma cikin 'yan mintuna. Ni dai na fi son a samu limami mai izini, a gama komai a zama ɗaya, rana ɗaya ta kasance a takarda da kuma a bakin jama'a.

4. Ku lissafa kwana 60

Lasisin Ohio yana aiki tun ranar da aka ba ku shi, babu kwanakin jira, babu gwajin jini. Amma bayan kwana 60 ya mutu. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗoki: a yanki lasisi da wuri, sai bizar Hajiya ta yi jinkiri, ko a ɗaga biki zuwa bayan Sallah, kafin a ankara wa'adi ya wuce. Idan haka ta faru babu gyara sai a sake yankar sabo, a sake biya. Mako biyu zuwa uku kafin ranar ya wadatar.

Kada kuma a matse har ranar ƙarshe. Kotu Litinin zuwa Juma'a take aiki, ba ta buɗewa ranakun hutun gwamnati. Mai ɗaurin aure ranar Asabar da ya ce sai Juma'a da yamma zai je, wasa yake da wuta. Waɗanda ke wasu jihohi su lura da kwanakin jira: a New York sai an yi awa 24 bayan karɓar lasisi, a Texas awa 72, a Illinois sai washegari.

5. Cika fom

Manyan gundumomi suna son a fara cikawa a intanet kafin a zo, wasu kuma sai an kama lokaci. Za a tambayi suna, shekaru, wurin zama, wurin haihuwa, sana'a, sunan uba, sunan uwa na gidansu, da sunan mai ɗaurin auren. Ga inda za ku nutsu.

Rubutun suna ya bi abin da ke cikin fasfo, harafi bayan harafi. Idan fasfo ya ce Mohammed, kada ka rubuta Muhammad don ya fi maka daidai. Idan Aishatu ce a fasfo, kada ta koma A'isha. Mu a wajenmu suna ɗaya ne, amma a wajen jami'in da zai haɗa takardunku nan da shekara biyu, mutum biyu ne daban. Haka nan tsarin sunayen: wanda fasfo ya sa a gurbin sunan iyali, shi za ka sa, ko da sunan garinku ne ko na kakanka.

Kwanan wata a Amurka da wata ake farawa, sannan rana. Wanda aka haifa 5 ga Maris zai rubuta 03/05. Idan ya rubuta yadda muka saba, ya koma haihuwar 3 ga Mayu.

Sai sunan mahaifiya. Na ga samari da dama sun yi tsuru a gaban ma'aikaciya, domin tun tasowarsu Inna ko Umma ko Hajiya suka sani, kunya ba ta taɓa barin su tambayi cikakken sunanta ba. Abin da ake nema shi ne sunanta na yanka da na mahaifinta. A kira gida a tambayi yaya ko goggo tun da sauran lokaci. A yi haka a ɓangaren amarya ma.

6. Ranar zuwa kotu

Dole ku je ku biyu, da ƙafafunku. Nan babu wakilci, baffa ba zai tsaya wa amarya ba, aboki ba zai tsaya wa ango ba. A ƙofa akwai na'urar bincike irin ta filin jirgi, don haka 'yar wuƙar da ke jikin makulli a bar ta a mota. Hijabi ba ya hana komai. Mai niƙabi ta shirya cewa za a iya neman ganin fuskarta don a gwada da hoto, tana iya roƙon mace ta duba ta.

Ma'aikacin zai duba takardunku, ya sa ku ɗaga hannu ku tabbatar da cewa abin da kuka faɗa gaskiya ne, ya yi 'yan tambayoyi. A gaya wa amarya tun daga gida cewa a nan shiru ba amsa ba ne. Da bakinta za ta amsa, da muryar da za a ji. Idan ango ya riƙa amsa mata, ma'aikacin zai iya zargin tilas ake yi mata. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya kira kotun kafin ranar ya ji tsarinsu na tafinta, domin wasu suna barin ka zo da naka, wasu kuma nasu suke so.

Kafin ku sa hannu za a miƙo muku takardar ku duba. Kada ku yi sauri don akwai mutane a bayanku. Ku karanta kowane suna da kowace lamba, ku gwada da fasfo. Gyara a wannan lokaci minti ɗaya ne. Bayan an shigar da shi littafi kuwa, sai an rubuta wa alƙali takardar neman gyara, an kawo hujja, an jira.

Za ku fito da ambulan. A ciki akwai lasisin, da ɓangaren da mai ɗaurin aure zai cika ya mayar wa kotu, galibi kuma da wata takarda mai ado ta ajiyewa don tunawa. Har yanzu ba ku zama ma'aurata ba. Izini kawai aka ba ku.

7. Ɗaurin aure

Ku miƙa wa liman ambulan ɗin kafin a fara, ba bayan an shafa fatiha jama'a sun taso da gaisuwa ba. Dokar Ohio ba ta neman shaidu su sa hannu, amma wannan bai taɓa sharuɗɗan addini ba: waliyyi da shaidu da sadaki suna nan yadda suke. Abin da ya bambanta da gida shi ne amarya ta kasance a wurin, ko da a ɓangaren mata ne, liman ya ji amincewarta da kunnensa. Shi ne zai sa hannu cewa ya haɗa mutum biyun nan, bai kamata ya shaida abin da bai gani ba. Ya rubuta ainihin ranar da wurin, ya rubuta sunansa yadda yake a rajistarsa.

Idan kun riga kun yi na masallaci tun bara ba lasisi, kada ku nemi liman ya mayar da kwanan wata baya. Ku yanki lasisi, ku koma wajensa ko wajen alƙali a sake a gaban hukuma. Sabuwar ranar ita ce za ta zama ranar aurenku a takarda.

8. A mayar wa kotu da takardar cikin kwana 30

A doka wannan aikin mai ɗaurin aure ne. A aikace kuwa, ku ne za ku kwana a ciki idan bai yi ba. Wani ƙanina ya je neman kwafin takardarsa wata takwas bayan biki, matarsa na da ciki, yana son sa ta a inshorar lafiya ta wurin aikinsa, aka duba aka ce babu auren a littafi. Takardar tana cikin aljihun wata babbar riga, malamin ya yi tafiya gida. An warware daga baya, amma sai da aka sha zirga-zirga, matar kuma ta yi makonni cikin fargaba. Tun daga lokacin, da an shafa fatiha nake tsayawa a kan liman ya cika a gabana, in ɗauki hoton takardar da waya, washegarin ranar aiki in bi sawu har ta shiga akwatin gidan waya ko hannun kotu. Bayan mako biyu a kira kotu, ko a duba shafinta, a tabbatar an shigar.

9. Ku sayi kwafi mai hatimi

Takardar nan mai ado ta bango ce, yawancin ofisoshi ba sa karɓarta. Wadda ke aiki ita ce kwafin da kotu ta buga wa hatiminta, magatakarda ya sa hannu. Daloli kaɗan ne kowane ɗaya, don haka ku sayi uku ko huɗu a tashi guda. Za ku buƙace su wajen cika fom I-130 idan ɗaya zai nema wa ɗaya takardar zama, da wajen inshorar lafiya, inda yawancin wuraren aiki kwana 30 kacal suke bayarwa bayan aure a ƙara sunan mata ko miji. Wajen haraji ma, wanda 31 ga Disamba ta same shi da aure, ana lissafa shi mai aure a duk shekarar.

Canza suna ba dole ba ne. Matar da ke son ci gaba da amsa sunan mahaifinta, kamar yadda muka saba, babu abin da za ta cika. Wadda ta zaɓi canzawa ta fara da ofishin Social Security, kyauta ne, sannan ofishin lasisin tuƙi, sannan banki. Amma ta tuna fasfonta na gida yana nan da tsohon suna, kuma tikitin jirgi sunan fasfo yake bi.

Tunda kun san hanyar kotun gado, ku san wannan ma: wanda ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, da dokar Ohio za a raba dukiyarsa, ba da rabon Musulunci ba. Mai son a bi shari'a ya nemi lauya ya rubuta tun yana da lafiya.

Neman bayanan auren da aka riga aka yi

Wannan yana tasowa idan takarda ta ɓata, ko ana shari'ar gado, ko iyaye na binciken mai neman 'yarsu, ko kuma matar da ɗan'uwanmu ya aura 'yar ƙasar ce tana neman asalin kakanninta. Abu ɗaya za ka riƙe: bayanin yana gundumar da ta ba da lasisin, ba inda aka yi biki ba. Mazauna Columbus da suka je Toledo aka ɗaura musu aure, takardarsu tana Franklin. Kada ka ɓata lokaci a ma'aikatar lafiya ta jiha. Takardar haihuwa da ta rasuwa take bayarwa, ta aure kuwa kotun gado za ta tura ka.

1. Tattara abin da ka sani: cikakken sunan miji, sunan matar kafin aure, da shekarar, ko da kintace ne. Lambar lasisi idan akwai ta fi komai sauri.

2. Duba shafin kotun. Manyan gundumomi suna da wurin bincike kyauta. Gwada sunan ta kowace fuska, Abdullahi da Abdulahi, Usman da Ousmane, ka kuma juya sunan farko da na ƙarshe, domin sau da yawa a nan kuskuren yake. A yi hattara da shafukan 'yan kasuwa da ke fitowa a sahun farko idan ka yi bincike, suna karɓar kuɗi mai yawa a kan abin da kotu ke bayarwa da araha. Ka tabbata shafin na kotun ne kafin ka sa lambar katinka.

3. Nemi kwafin. Idan kana kusa ka je da kanka, galibi a ranar za ka karɓa. Idan kana nesa ka rubuta wasiƙa da sunayen biyu, da ranar auren, da yawan kwafin da kake so, da lambar wayarka. Ka haɗa da takardar biyan kuɗi ta gidan waya, wadda suke kira money order, da ambulan mai kan sarki da ka rubuta adireshinka a kai. Kada ka sa tsabar kuɗi a wasiƙa. Ka faɗa a fili cewa mai hatimi kake so. Wanda ke gida Najeriya ko Nijar ya wakilta ɗan'uwa a nan, domin a Ohio bayanan aure a buɗe suke ga kowa, sai dai ana ɓoye lambar Social Security.

4. Idan ba a samu ba, gwada gundumomin da ke maƙwabtaka, da inda matar take zaune kafin auren. Idan nan ma babu, a tambayi wanda ya ɗaura ko ya mayar da takardar.

Takardar rabuwa ba a kotun gado take ba. Tana wajen magatakardan babbar kotun gunduma, sashen shari'o'in iyali, a gundumar da aka yanke hukuncin.

Ga iyaye masu bincike, akwai gargaɗi. Amurka ba ta da littafi ɗaya da ya tattara auren ƙasar gaba ɗaya. Rashin ganin sunan mutum a Franklin bai nuna ba shi da mata a Atlanta ko a Zinder ba. Binciken kotu ƙari ne a kan tambayar mutanen da suka san shi, ba madadinta ba.

Mai neman tsohon tarihi kuwa, Ohio ta zama jiha a 1803, kuma gundumomi suna rubuta aure tun kafuwarsu. An ɗauki hoton da yawa daga tsofaffin littattafan, ana duba su kyauta a shafin FamilySearch. Akwai inda za ka tarar da giɓi: a 1884 an ƙona ginin kotun gundumar Hamilton a wata tarzoma, takardu masu yawa suka salwanta. A irin wannan sai a koma ga littattafan coci da tsofaffin jaridu a ɗakin karatu na garin.

Idan a gida za a yi amfani da takardar, misali wajen gado ko neman fasfon yara, hatimin kotun gunduma kaɗai ba lallai ya isa ba. Hanyar da aka saba ita ce a kai kwafin ofishin Sakataren Jihar Ohio ya tabbatar da shi, sannan Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, sannan ofishin jakadancin ƙasarku. Najeriya tana da babban ofishi a Washington da ƙananan ofisoshi a New York da Atlanta. Ka fara kiran ofishin da zai karɓi takardar a gida ka ji iya abin da yake so, don kada ka biya kuɗin hatimin da ba a nema ba. Kuma ka yi wannan da sabon kwafi, ka bar ɗaya a gida a cikin jakar da fasfo yake.